Shekarata 43, zan iya fara haɗa kiɗa a kwamfuta? Amsa ga wani malami a Damagaram

Wani malamin lissafi da ke koyarwa a sakandare a nan Damagaram ne ya aiko da tambaya. Shekararsa 43, yana da iyali, kuma ya daɗe yana sha'awar yadda ake haɗa kiɗa a kwamfuta. Ya ce ya tara jikka ɗari uku na sefa. Yana so ya san ko bai makara ba, da abin da zai fara saye, da kuma yadda magidanci irinsa zai shiga wannan harka ba tare da an fara yi da shi a unguwa ba. Ba sana'a yake nema ba, so yake ya iya abin sosai.

Malam, ba ka makara ba. Aikin nan zama yake ci, da haƙurin maimaita abu ɗaya har ya daidaita, kuma mutumin da ya saba gyaran takardun ɗalibai da daddare ya fi ɗan shekara ashirin irin wannan haƙurin. Yaron ya fi ka lokaci, ya fi ka kaifin kunne, shi ke nan. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker a cikin jihar nan tamu, shi ma aikin koyarwa ya fara yi. Ko da yake ya riga ya yi suna da gurmi, sai a 2002, yana da shekara arba'in da ƴan kai, ya tafi wajen Buduma na bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani dattijo yana koyon biram, kayan kiɗa mai tsarkiya biyar da ya kusa ɓacewa. Saboda haka mu ajiye maganar shekaru.

Kuɗin nan kuwa ka bar su inda suke na wata biyu. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba. Amma na sha shiga ɗakin da aka jera makirufo mai tsada da manyan lasifikoki da fiyano, an lulluɓe su da zane saboda ƙura, mai ɗakin kuma ba shi da kiɗa ko ɗaya da ya gama. Sayen kaya yana sa mutum ya ji kamar ya fara, alhali bai taɓa aikin ba. Ka sa manhajar haɗa kiɗa ta BandLab a wayarka, kyauta ce. In kana da kwamfuta, ka sauke manhajar Reaper, suna ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rage maka komai ba, lasisinta na mai amfanin kansa kuma dala 60 ne na Amurka. FL Studio, wadda yawancin yaran sitidiyo suke amfani da ita daga nan har Kano, ita ma tana da ta gwaji, sai dai za ta bar ka ka adana aiki amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya. In ka tashi biya, ka lura: mafi arhar nau'inta ba ya ɗaukar murya daga makirufo, na sama da shi za ka nema. Za a kawo maka ta sata a ƴar kile, a ce kowa ita yake amfani da ita. Ni ba na ba da wannan shawara. Ban da hakkin masu ita, irin waɗannan su ne suke shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfuta, kuma ranar da ta rufe maka aikin wata guda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Ka zaɓi manhaja ɗaya ka zauna a kanta shekara. Wace ce ta fi? Wadda akwai mutumin da ya iya ta kusa da kai, wanda za ka iya zuwa ka tsaya a bayansa kana kallon hannunsa.

In wata biyun sun cika kana nan kana zama, sai a shiga kasuwa. Kwamfuta ce za ta ci kaso mafi girma. Laftof ƴar gwanjo ta isa, in tana da RAM giga 8 ko fiye, da ma'ajiya irin ta SSD, da batir mai rai. Batirin nan ka gwada shi a gaban mai sayarwa, ka cire caja ka zauna ka ga yadda yake sauka, don ka san yadda wuta take a garin nan, musamman da bazara. Sai katin sauti, ƴar akwatin da ake haɗa makirufo da ita ta USB. Behringer da Focusrite su suka fi yawo a hannun mutane, mai ƙofa ɗaya ko biyu ya ishe ka. Sai kaske mai rufe kunne gaba ɗaya, na aikin sitidiyo, ba irin mai ƙara bas da ake sayarwa a bakin hanya ba. Sai makirufo. Fiyanon MIDI ƙarami, wanda ake haɗawa da kwamfuta a buga kiɗa cikin manhaja, zai iya jira, manyan lasifikoki kuwa ka manta da su a shekarar farko.

A kan makirufo zan saɓa wa abin da za ka gani a YouTube. Can za su ce ka sayi kwandensa, mai faɗin kai da ake ratayewa cikin ƴar raga. Yana da kyau, amma a ɗakin da aka shirya. Shi komai yake ji: zakaran maƙwabta, kabu-kabu a kan titi, injin niƙa, fanka, har yaron da ke kuka a gida na uku. Yana buƙatar wutar bolt 48 daga katin sauti, kuma ƙurar hunturu tana cutar da shi. Makirufo irin na hannu, wanda ake kira dinamik, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, shi ya dace da gidajenmu. Baki kusa da shi ake yi, saboda haka muryar tana rinjayar hayaniyar waje, kuma yana jure faɗuwa. Matsalarsa ɗaya, jabunsa ya cika kasuwa. In an faɗa maka kuɗin da ya yi arha ƙwarai, ka san ba shi ba ne.

Ɗakin da za ka zauna ya fi makirufon muhimmanci, kuma gyaransa ba ya cin kuɗi. Ka shiga tsakiyar ɗaki ka rufe ƙofa ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In ɗakin siminti ne mai tayil da rufin kwano, za ka ji wata ƙara siririya ta biyo bayan tafin tana karkarwa tsakanin bango da bango. Wannan ƙarar za ta hau kan duk muryar da ka ɗauka, kuma babu manhajar da za ta cire ta tsaf. Ka shimfiɗa darduma, ka jingina katifa a bangon da ke bayan mai waƙa, ka rataya bargo mai kauri a gefe, ka bar kabad ɗin tufafi a buɗe, sannan ka sake tafawa. Za ka ji tafin ya mutu nan take. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ɓata lokaci ne, gidan kyankyasai kawai za ka gina. In kuna da tsohon ɗakin ƙasa irin na cikin Birni, mai kaurin bango da rufin azara, to ka yi sa'a: kaurin yana tare hayaniyar waje, bangon kuma ba sumul yake ba balle ya riƙa maido da sauti kamar siminti, ga shi da sanyi. Lokacin ɗaukar murya kuma ka zaɓa. Bayan isha, in gari ya lafa, ya fi. Ka kashe fanka na ƴan mintunan ɗauka, ka sha zufa, ka kunna.

Wata matsala da za ka haɗu da ita tabbas ita ce gurnani a ƙarƙashin sauti, wani "zzzz" ko "hmmm" da ba ya tsayawa. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gidaje da yawa kuma ba a ja musu wayar ƙasa ba, sai wannan kaɗawar ta bi caja ta shiga katin sauti. Kafin ka zargi makirufo, ka zare cajar laftof. In gurnanin ya ɗauke, ka gane mai laifin. Sai ka riƙa ɗaukar murya a kan batir. Haka kuma in mai waƙa ya ce yana jin muryarsa tana makara a kaske, ka sa direban ASIO na katin, wato ƴar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, ka rage bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta take tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko 256. A saurin ɗauka na 48,000 a daƙiƙa, jinkirin 256 bai wuce kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa da ɗan ɗoriya ba, 1024 kuwa ya haura ashirin, kuma wannan kunne yana kama shi.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni hankalinka, tunda kai mai lissafi ne. In ka buɗe FL Studio za ka tarar da layi mai gida 16: bugu huɗu, kowane an raba shi huɗu. Haka kiɗan disko da hip-hop suke tafiya. Kiɗe-kiɗenmu na gargajiya da yawa ba a kan 16 suke ba, a kan 12 suke: bugu huɗu, kowane an raba shi uku. Shi ya sa za ka ga sabon shiga yana ta fama ya fitar da kiɗan kalangu ko na ƴan kokawa da ke cikin kansa, abin yana fita a sandare, shi kuma yana zaton sautin gangar ne ba shi da kyau. Gidajen ne ba su dace ba. Ka shiga saitin aikin ka mayar da rabon kowane bugu uku. Sannan ka yi wannan gwajin: ka sa ganga mai kauri a gida na 1, 4, 7 da 10, ka sa tafi ko caki a 1, 3, 5, 7, 9 da 11. Ɗaya yana raba sha biyun gida huɗu, ɗayan yana raba ta gida shida, suna haɗuwa a 1 da 7 su sake rabuwa. Ka kunna ka ji yadda kafaɗarka za ta motsa da kanta. Uku a kan biyu ke nan, kuma kiɗan Afirka ta Yamma mai yawa a kansa yake zaune. Ka fara yin sa da hannu a kan cinyoyinka, dama huɗu hagu shida, kafin ka taɓa kwamfuta. In hannunka bai iya ba, linzamin kwamfuta ba zai iya maka ba.

Akwai maɓallin da ke jan kowane bugu ya zauna daidai kan layi. Yana da amfani ga gangar da ke riƙe da tushe, amma in ka danna shi a kan komai, kiɗan zai zama na agogo. Makaɗi na gaske yana ɗan riga layi a wani wuri, ya ɗan jinkirta a wani, kuma daɗin a nan yake.

Ta fuskar karin waƙa kuma, yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke yawo, ba bakwai ba. Hanya mafi sauƙi ta jin haka: ka taɓa baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai, ka bar fararen. Ka yi ta lalube a kansu, ba za ka daɗe ba za ka ji wani abu mai kama da waƙar da kakarka take yi wajen daka. Sanin wannan zai cece ka wajen Auto-Tune, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, wadda waƙoƙin fina-finan Hausa suka mayar abin ado. Ba ni da faɗa da ita, ta zama salo, mutane kuma suna so. Abin da ke damuna shi ne a bar ta a buɗe a kan dukkan sautuka sha biyu na farare da baƙaƙen maɓallan fiyano, sai muryar ta riƙa zamewa tana faɗawa kan sautin da ba ya cikin waƙar. Ka gano sautuka biyar na waƙarka, ka kulle sauran. Kuma ka tuna Hausa harshe ne mai hawa da sauka: in karin kiɗanka ya hau inda kalmar take sauka, Bahaushe zai ji wani abu ya karkace ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ka furta baitin da baki kamar magana, ka ji inda yake hawa, sannan ka ɗora masa kari.

Abin da kake da shi wanda mai haɗa kiɗa a Faransa ko Amurka ba shi da shi, shi ne makaɗa masu rai a bakin ƙofarka. Garin da ake busa kakaki da algaita, ake kaɗa tambura a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, bai kamata ɗansa ya dogara da kalangun roba na cikin fiyanon Yamaha ba, wanda dubban waƙoƙi suka riga suka gaji da shi. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, kuma wannan lanƙwasar ba ta cikin maɓalli. Ka gayyato makaɗi ɗaya gida. Ka sa makirufo kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fatar, a ɗan karkace, kada ya fuskanci inda gula take sauka kai tsaye. Ka sa shi ya buga mafi ƙarfin bugunsa, ka rage ƙarfin shiga har allurar ma'aunin ƙarfin sauti ta tsaya wajen -10, kada ta taɓa ja. Sautin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Kada ka ɗaura masa kaske ka ce ya bi ƙwas-ƙwas ɗin metronom, yawancinsu ba su saba ba, za ka kashe masa hannu. Ka bar shi ya kaɗa yadda ya saba, kai ka auna saurinsa daga baya ka gina sauran a kansa. Algaita kuwa ƙara gare ta, ka ja makirufo baya sosai, in da hali a tsakar gida. Ka gaya wa mutumin abin da za ka yi da kiɗansa, ka sallame shi da kyau, ka ambaci sunansa in ka fitar. Kiɗan fada kuma yana da masu shi da ƙa'idarsa, ba a zuwa a miƙa waya haka kawai, sai an nemi izini. In abin ya kai ga fitarwa a fili, akwai hukumar kare hakkin mawallafa ta ƙasa, BNDA, inda ake rajistar aiki; ko kafin nan, ƴar takarda tsakaninka da mai waƙa, wane ne ya yi me, tana hana ɓacin rai.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta uku. Gaskiya ce, a al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma akwai masu yi wa makaɗi kallon maroƙi. Ba zan ce maka wannan ya wuce ba. Amma mai haɗa sauti a ɗakinsa ba ya bin kowa da ganga, kuma aikin da kake koya shi ne dai wanda ake yi wa tallan rediyo, da karatun littafi, da wa'azi, da waƙoƙin bege, da wasan kwaikwayon makaranta. Mamman Sani Abdoulaye, makaɗin nan ɗan Nijar, ma'aikaci ne lokacin da ya sayi ogan, kayan kiɗa mai maɓallai irin na fiyano, ƙirar Italiya. Abin da ya ɗauka da ita a 1978 ya daɗe yana fita a rediyo da talabijin na ƙasa, a 2013 kuma kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Ta ɓangaren addini, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan kuma ba fagena ba ne. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Akwai waɗanda suka tsaya a murya da mandiri kaɗai, kuma duk abin da na faɗa a sama yana yi musu aiki. Shawarata dai kada ka yi shi a ɓoye. Ka fara gaya wa uwargida, ku yanka lokacin da ba zai ci hakkin gida ba, ka sa kaske don maƙwabta. Mutumin da aka ga yana ɓoye abu shi ake zargi. Ɗalibanka za su ji labari, wannan ba makawa. Ka tabbata duk abin da ka fitar za ka iya tsayawa gaban aji washegari.

Lokaci kuwa, minti arba'in sau huɗu a mako ya fi yini guda cur a ƙarshen wata. A watannin farko ka ɗauki waƙar da kake so ka sake gina kiɗanta da kunne, don kanka kawai ba don fitarwa ba: ina gangar take, yaushe bas ya shigo, sau nawa amshi ya dawo. Bayan haka ka riƙa yin naka gajeru, minti ɗaya ko ɗaya da rabi, mai farko da tsakiya da ƙarshe, ka fitar da shi ka rufe. Ciwon masu farawa da girma shi ne kunya: kunnenka ya shekara talatin yana jin kiɗa mai kyau, hannunka kuwa jariri ne, sai ka riƙa jin duk abin da ka yi bai kai ba, ka yi ta juya daƙiƙa takwas har wata uku. Ka gama shi da muninsa. Na goma zai fi na farko nesa ba kusa ba, amma sai an bi ta kan taran.

Wajen daidaita sauti kada ka ruɗe da tarin ƴan manhajojin ƙari. Ƙarfin kowane layi, da ikwalaiza mai ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, da kwamfuresa mai rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni, da ɗan amsa-kuwwa, waɗanda suka zo da manhajarka sun isa. Ka tuna inda za a saurare ka: lasifikar waya, ƴar akwatin bulutut a fada wajen shan shayi, rediyon mota. Lasifikar waya ba ta fitar da bas mai zurfi, saboda haka kiɗan da duk nauyinsa yake can ƙasa zai zama fanko a waya. Ka mayar da aikin mono, wato sautin dama da na hagu a haɗe wuri ɗaya, ka saurara, ka tura wa wayarka ka fita tsakar gida ka ji. In kalmomin waƙar ba su fito ba, ka rage kiɗa. Mai sauraron Hausa baiti yake bi kafin komai.

Kunnenka kuma ka tattala shi. A shekarunka jin sautuka masu kaifi ya fara raguwa, wannan haka yake ga kowa, kuma haɗarinsa shi ne ka riƙa ƙara kaifi har ya soki kunnen yara. Ka riƙa gwada aikinka da wata waƙa da ka san an haɗa ta da kyau, a ƙarfi ɗaya. Ma'aunin da masana lafiyar ji suke bayarwa shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Da kaske ana wuce wannan ba a sani ba. In ka cire ka ji kunnenka yana ƙara, ka yi yawa. Ka rage, ka riƙa hutawa bayan kowace awa.

Ka ware ɗan abu cikin kuɗin ka sayi ma'ajiya ta waje, ka riƙa kwafe ayyukanka duk ranar Juma'a, don zafin watan Afrilu da Mayu da ƙura ba sa barin kwamfuta ta tsufa lafiya. Ka ɗora laftof a kan abin da iska za ta shiga ƙarƙashinta, ba a kan katifa ba, makirufo kuma ya koma jakarsa in an gama. In ka kammala guda uku na farko, ka turo mini in saurara. Ka fitar da su a WAV ko MP3 mai 320, kuma a WhatsApp ka turo su a matsayin takarda (document), ba saƙon murya ba, don saƙon murya matse sauti yake yi har in kasa bambance laifinka da na waya.